Faffaɗan Allo da Hoton Mijin Goggo

4 ga Maris

Zuwa ga 'yata Injiniya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da abokan aikinki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ke yi mini gardama a matakalar shago, sai kuma idon Goggo, kakarki, wanda zan zo kansa.

Kafin in faɗi abin da ya sa na ɗauki biro, ina so ki tuna wanda ke rubuto miki. Ni ne na bar sakandare a aji uku, na fara ɗaukar hoto a bakin tasha da kyamara mai tsagaggen murfi. Babu wanda ya koya mini wanke fim. A banɗakin gidan haya na koya, da bargo a taga. Shagon nan ni na ɗora bulonsa, ni na ja wayar wutarsa. Da fim ya mutu, abokan sana'ata suka watse, ni kuwa na sayi kwamfutar tebur ta hannu, wadda wani ya taɓa aiki da ita, na zauna gabanta wata huɗu har ta gaji ta fara yi mini biyayya. Fankarta ta mutu sau biyu, ni na canza. Duk wannan ba malami, ba ubangida. Na faɗa ne don kada ki ɗauka taimako nake nema. Tambaya ce kawai ta mai son sani, kuma a rubuce nake son amsa, don maganar waya iska ce.

Allon kwamfutar da kika aiko ya iso shekaranjiya, ko ƙwarzane babu. Allah ya yi miki albarka. Siriri ne kamar faranti, faɗinsa kuwa ya cinye rabin tebur. Tsohon nan mai ƙatuwar ƙeya na ba maƙwabcina mai aski kyauta.

To ga abin mamaki. Tun da na jona shi, kowa ya yi ƙiba. Malamin makarantar da ke zuwa hoton fasfo, wanda iska mai ƙarfi za ta iya ɗauka, ya fito da kumatu kamar yana hura balan-balan. Na zana da'ira, ta fito ƙwai. Na ce ko idona ne, sai na kifa bakin kofin shayina a kan allon. Sama da ƙasa sun dace da kofin, gefe da gefe sun fito waje da faɗin yatsa. Matata ta shigo ta same ni a haka, ta ce, «Maigida, shayi kake ba ta?»

Na shiga inda ake zaɓar awon allo. Lamba uku na samu, mafi kyan gani a ciki 1024 da 768. A jikin kwalin kuwa an rubuta 1440 da 900. Ina wannan lambar ta shiga? Kwalin ne ke ƙarya, ko kwamfutar ce ba ta san baƙonta ba? In kuma ba ta san shi ba, yaya aka yi ta cika shi baki da baki?

Maganar Goggo kuma. Ta ba ni hoton marigayi mijinta, kakanki, wanda shi kaɗai ya rage a duniya. Ruwa ya taɓa shiga firam ɗin, hoton ya manne da gilashi. Likita ya ce hasken idonta raguwa yake wata bayan wata, kuma babu aikin da za a yi. Ta ce in share tabon ruwan, in ƙara masa girma, ta ga mutuminta tun tana iya gani. Na ce mata ta ɗauka an gama.

Ki gai da maƙwabtanki.

Kawunki mai hoto

*

15 ga Maris

Kawu,

Ina gaisuwa da ladabi. Ina lafiya, sai mura da ta kama ni kwana biyu ta sake ni. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Ka gai da Kaka, ka ce mata jikarta mai surutu tana nan tafe in an ba ni hutu.

Gwajin kofin shayin nan na karanta wa mutanen ofishinmu. Shugabanmu ya ce da za ka zo da ya ba ka tebur.

Kwalin bai yi ƙarya ba. Fuskar allon ɗigo-ɗigo ce ƙanana, 1440 a kwance, 900 a tsaye. A cikin kwamfutarka akwai wani kati, shi ke shirya hoto ya tura wa allo. Katin nan ya tsufa, Kawu. Lokacin da aka yi shi duk allunan duniya kusan murabba'i ne, su ya sani. Sai ya aika hoto na awon da, allon kuma ba ya son barin gefensa fili, sai ya ja hoton kamar roba har ya cika. Ƙibar a allo kawai take. Hotunan da ke cikin kwamfuta lafiyarsu ƙalau, in ka buga su a takarda yadda suke za ka ga malamin yana nan da ramarsa.

Mafi sauƙi a cire tsoho a sa sabo, a huta. In ba ka so, akwai wata hanya, zan nemo maka faifai.

Abu ɗaya nake roƙo. Kada ka taɓa faɗin kowane hoto a kan allon nan, balle na Kaka. Ka karɓo tsohon allonka wurin mai aski ka yi aikin a kansa. Kuma ka ajiye kwafi biyu kafin ka fara.

'Yarka

*

27 ga Maris

'Yata,

Bayan gaisuwa. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Sati uku ke nan ina leƙa gidan waya, ba amsarki. Na ce ko tambayar ta fi ƙarfin masu digiri ne, sai na yi abin da na saba, na nemi hanya da kaina.

Dabarar da na yi ita ce, duk hoton da zan buga sai in matse shi daga gefe har fuskar ta dawo daidai a idona. Ido ba mudu ba, ya san kima. Na buga na mutum goma sha ɗaya, ba wanda ya yi ƙorafi. Matar mahauci har godiya ta yi, ta ce a ƙara mata kwafi huɗu. Malamin makaranta ya fito kamar tsinke, amma na ce shi dama can haka Allah ya yi shi.

Daga nan na hau aikin Goggo. Na ɗora hoton a sikana da gilashinsa, ya shiga kwamfuta da kyau. Sai na ga in na raba takardar da gilashin zai fi fitowa. Na kara shi a tururin buta, na sa reza a hankali. Takardar ta taso, fuskar ta zauna a gilashi, kafin in ce me ta narke ta bi yatsana. Garin gyaran gira na rasa ido. Ban faɗa wa kowa ba, ke ce ta farko.

Ban tsorata sosai ba, tunda yana cikin kwamfuta. Kwana biyar na yi ina share tabon ruwa ɗigo bayan ɗigo, kuma aikin ya yi kyau, wannan ko maƙiyi zai faɗa. Marigayin ya yi mini faɗi a allo, sai na matse shi. Washegari na ga kamar da saura, na ƙara. Rana ta uku na sake taɓawa kaɗan. Kin san ni ba na tara shara a kwamfuta, kowane aiki kwafi ɗaya nake ajiyewa, sabo a kan tsoho. Ni kuma ban riƙe kamanninsa ba, lokacin da yake raye ina can bakin tasha ina fama da rana.

Jiya da hantsi na kai mata a sabon firam. Tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta inda haske ya fi. Ta kawo shi dab da hancinta, tana ƙare masa kallo.

Can ta ce, «Ɗan nan, a asibiti aka ɗauki wannan?»

Na ce, «A'a Goggo, naki ne na gyara.»

Ta ce, «Haka ya koma a satinsa na ƙarshe. Shekara talatin ina ƙoƙarin in manta wannan fuskar, yau ka kawo mini ita a firam.»

Ta juya shi ya kalli bango, ta ce in dawo mata da nata na da, da tabonsa da komai, ta yafe gyaran. Na ce yana shago. Na sauko matakalar gidan ban san ina da gwiwa ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, in allon ne ke faɗaɗa mutane, ashe ni da hannuna na ramar da su? Ki ba ni amsa da wuri.

Kawunki

Ƙari: Ina shirin liƙe ambulan yanzu wasiƙarki ta 15 ga wata ta iso, ta sha yawo har ta yi datti. Na karanta sau biyu. Da ta zo da wuri da ba a yi haka ba, amma bakin alƙalami ya bushe. Sai dai na ga inda kika ce a cire tsoho a sa sabo a huta. Na gane hannunka mai sanda. Ki sani da tsohuwar zuma ake magani. Katin nan shekara tara muna tare, ba zan cire shi ba, ni ma kuma ba inda za ni.

*

6 ga Afrilu

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, sai dai wasiƙarka ta hana ni sukuni. Wannan karon ta hannun wata abokiyar aikina na aiko, za ta bi ta garinku jibi.

Wallahi kati nake nufi, Kawu, kati kawai. Wa ya isa ya cire ka? Ko kwamfutar ma sai da ta sallama maka.

Ga faifai. Abu biyu ne a ciki. Na farko shi ake kira direba, wato ɗan shirin da ke yi wa katin tafinta, kuma shi ne na ƙarshe da aka yi wa irin katinka. Ka sa shi, ka kashe kwamfuta ka kunna. Mai yiwuwa har yanzu ba za ka ga 1440 da 900 ba. To sai ka buɗe na biyun, wani ƙaramin shiri ne da ke bari mutum ya rubuta wa katin awo da hannunsa. Ka sa 1440 a akwatin farko, 900 a na biyu, ka danna na ƙasa. Ban taɓa gwadawa a kati mai shekarun naka ba, ni ma ina son in ji ko zai yarda. Muna da wani babban littafi a ofis da muke rubuta duk matsalar da ta ba mu wuya da yadda aka warware ta. In ya yi, zan sa ta a ciki.

Hoton kuwa, ana iya buɗa shi ya koma. Amma da nawa? Da sau ɗaya ka matse da na yi maka lissafi. Sau uku da ido, a rana uku, wannan ba ni da amsarsa. Ni ban taɓa ganinsa ba, Mama kuma ta ce abin da ta riƙe muryarsa ce da ƙanshin sabulunsa. Kada dai ka sake kintata da ido. In ka kai mata wani baƙon karo na biyu, ban san ko za ta yarda ta duba na uku ba.

Mama ta ce yanzu Kaka sai mutum ya yi magana take gane wanda ya shigo. Ka hanzarta, Kawu.

'Yarka

*

19 ga Afrilu

'Yata Injiniya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa. Muna lafiya. Abokiyar aikinki ta kawo saƙo, yarinya mai hankali, ta sha ruwa ta wuce. Maganar tsoho na yafe, ko da yake na san abin da na karanta.

Na bi takardarki layi-layi. Na sa direban, lambar ba ta fito ba, kamar yadda kika ce. Na buɗe ƙaramin shirin, na rubuta 1440, na rubuta 900, na danna. Allon ya yi ɗif. Baƙi ƙirin, sai wani ɗan akwati da ke yawo a kai da Turanci, wai abin da aka aiko masa ya wuce ƙarfinsa. Na kashe na kunna, haka. Kwamfutar tana aiki, ina jin fankarta, amma ta makance.

Dole na je wurin mai aski aron allon da na ba shi da hannuna. Ya ce, «Mai hoto, kyauta kuma tana komawa gidan ubanta?» Ya rantse ba zai bayar ba sai na zauna ya yi mini aski. Kwana huɗu da yin askina, amma na zauna. Ya kwashe ɗan abin da ya rage yana ba ni labarin yadda shi bai taɓa jin kwamfuta ta gagare shi ba.

Da na jona tsohon allon, hoto ya dawo, duk da ya ɗan karkace. Na sake buɗe shirin naki na zuba masa ido. Ashe akwai akwati na uku a gefe, wanda ba ki ambata ba, an riga an rubuta 75 a ciki. Saba'in da biyar na me? Na ɗauko ɗan littafin da ya zo a kwalin sabon allon, wanda matata ta sa a ƙarƙashin ƙafar tebur don ya daina rawa. A shafin ƙarshe akwai jadawali, kuma a gaban 1440 da 900 an rubuta 60, ba wata lamba.

Ban canza nan take ba, sai da na so in san ko mene ne. Ina zaune ina tunani na kaɗa hannu don korar ƙuda a gaban tsohon allon, sai na ga yatsuna sun zama goma sha. Na sake kaɗawa. Na kaɗa a gaban taga, yatsu biyar. A nan na gane allo ba tsaye yake ba, ƙiftawa yake da saurin da ido ba ya kamawa, kuma lambar nan ita ce sau nawa ake aiko masa hoto a daƙiƙa. Katin ya saba da tsohon abokinsa mai karɓar saba'in da biyar, shi kuwa baƙon sittin yake iya haɗiyewa. In na yi kuskure ki gyara mini, amma ban yi ba.

Na goge 75 na sa 60, na mayar da sabon allon, na kunna. Ya buɗe tar, rubutu siriri kamar an zana da allura. Na zana da'ira na kifa kofi, ta zauna cif ta ko'ina. Katin da aka ce a cire ga shi yana aiki kamar saurayi.

Sannan na buɗe hoton marigayi, na gan shi yadda Goggo ta gan shi. Sai da na tashi na zaga shago.

Kin ce kada in kintata, kuma kin yi gaskiya. Na zauna ina kallon hoton ina tambayar kaina, a cikin nan me na san siffarsa tabbas, ko ban taɓa ganinsa ba? Fuska kowa da irin tasa. Hula tana lotsewa. Ƙofar da ke bayansa ban san awonta ba. Sai idona ya sauka a kan kekensa. Yana tsaye ne ya dafa sirdi, keken a jingine da bango, gefensa na kallon kyamara sosai, yadda masu hoton da suke tsayar da shi. Tayar baya duk ta fito. Tun da aka fara ƙera keke ba a taɓa yin mai tayar ƙwai ba.

Na ɗora rula a allo. Tsayin tayar santimita takwas, faɗinta shida da rabi. Na riƙa buɗa hoton kaɗan-kaɗan ina aunawa, ban kalli fuskar ba ko sau ɗaya don kada ido ya sake yaudarata. Da ta kai takwas da takwas na ajiye rula, na ɗaga kai. Wani mutum na gani mai faffaɗar fuska, da kumatu, da alamar dariya a gefen baki wadda matsewar ta ɓoye. Na ajiye kwafi uku.

Shekaranjiya na kai mata. Kafin in buɗe na faɗa mata gaskiyar abin da ya sami na asalin. Ta ce, «Na sani tun ranar da ka ce yana shago. Muryarka irin ta ubanka ce, ba ta iya ƙarya.» Da farko ta ƙi karɓa. Na ce ta duba sau ɗaya, in ba shi ba ne in tafi da shi, ba za ta sake jin maganar ba.

Yanzu bakin ƙofa bai ishe ta ba, sai da na fitar mata da kujera cikin rana. Ba ta iya ganinsa gaba ɗaya. Ta riƙa tafiyar da firam ɗin a gaban idonta na dama, goshi, ido, hanci, kamar mai karatu. Da ta iso kumatun ta tsaya, ta sa babban yatsa a wurin.

Ta ce, «Kai, malam. Ka ga yadda ka cika firam. Kullum ina ce maka ka rage ci.»

Ba da ni take ba, da mai hoton take. Ta gangara ƙasa ta ci karo da keken, ta yi tsaki, ta ce, «Har da wannan ka dawo da shi? Ai ya fi sonsa a kaina sau goma.» Tana faɗa tana dariya, ruwa na bin fuskarta. Na ce in rataye mata a bango, ta ce bango ya yi mata nisa yanzu, in bar shi a cinyarta. A haka na baro ta.

Mutum goma sha ɗayan nan na sake buga musu nasu kyauta. Matar mahauci ta ce ita na farkon take so.

Saura maganar littafin ofishinku. Faifan naki ne, ban musa ba, ki rubuta hakan. Amma akwati na uku ni na gano shi, sittin ɗin nan ni na tono ta daga ƙarƙashin ƙafar tebur, tayar keke kuwa ko shugabanku bai isa ya ce ya taɓa jin ta ba. Kada in ji an rubuta «wani kawuna» ko «wani dattijo mai hoto». Ki sa cikakken sunana, nawa da na mahaifina, da manyan baƙaƙe, a saman shafin ba a ƙasa ba. In kin rubuta ki ɗauki hoton shafin ki aiko mini in gani da idona, kuma kada ki taɓa faɗinsa.

Kawunki mai hoto